Sihiri a Cikin Kwaɓi: Sharhi a kan Littattafan Yara Uku na Amurka

1. Gabatarwa

Tun daga taron Bamako na shekarar 1966, inda aka zauna a kan ƙa'idojin rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, zuwa buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973, masu tsara aikin yaƙi da jahilci a Nijar suna fama da tambaya guda: in yaro ya iya karatu, me zai karanta? Littafin koyon baƙi da wasali yakan ƙare cikin ƴan watanni, karatu kuwa in ba a yi masa bita ba yakan zube. Da dokar ƙasa ta shekarar 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai tambayar ta daɗa nauyi. Ɗaya daga cikin amsoshin da akan bayar ita ce a fassaro littattafan yara na wasu ƙasashe. Kafin a yi haka ya kamata a san abin da ke cikinsu.

Wannan maƙala ta ɗauki wani reshe na adabin yaran Amurka, watau ƙagaggun labarai na al'ajabi waɗanda aka gina a kan gidan burodi, da sihiri, da zumuncin iyali. Littattafai uku aka duba. Na farko Bliss na Kathryn Littlewood, wanda ya fito a 2012. Na biyu A Dash of Trouble na Anna Meriano, na 2018, wanda shi ne farkon jerin da ake kira Love Sugar Magic. Na uku A Wizard's Guide to Defensive Baking na T. Kingfisher, na 2020. Biyun farko an yi su ne don yara ƴan shekara 8 zuwa 12, na ukun kuwa ya fi dacewa da waɗanda suka ɗan tasa.

2. Tushen wannan irin labari

Abincin da ke da ikon al'ajabi tsohon jigo ne a tatsuniyoyin Turai. A cikin tatsuniyoyin da ƴan uwan nan biyu na Jamus, watau Grimm, suka tattara, akwai ta wata tukunya mai dafa kunun gero mai zaƙi in an faɗa mata wata kalma, ta kuma tsaya in an faɗa mata wata. Ranar da yarinyar gidan ta fita, sai uwar ta sa tukunya aiki alhali ba ta san kalmar tsayarwa ba, kunu ya cika gida, ya malale cikin gari. A 1975 Tomie dePaola ya sake gina wannan jigo a littafinsa Strega Nona, inda baran wata tsohuwa ya saci jin waƙar da ke sa tukunyar taliya aiki, amma bai ga abin da tsohuwar ke yi ba in za ta tsayar da ita.

Darasin duka biyun shi ne abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Littattafan nan uku sun gaji wannan ƙashin baya, sai dai sun canza abu biyu. Na ɗaya, ilimin ya tashi daga baki ya koma takarda, ko kuma ya koma hannun mai sana'a. Na biyu, mai yin kuskuren yanzu ƴar gida ce mai haƙƙin gado, wadda manya suka ga lokacinta bai yi ba. Daga nan labarin ya tashi daga gargaɗi a kan haɗama ya koma magana a kan yadda ilimin gida ke sauka daga iyaye zuwa ƴaƴa.

3. Littafin Littlewood

Tauraruwar Bliss yarinya ce ƴar shekara 12, ana kiranta Rose. Iyayenta suna da gidan burodi a wani ƙaramin gari mai suna Calamity Falls, suna kuma da wani tsohon littafi na gado wanda ke ɗauke da hanyoyin haɗa kek da biskit masu warkar da ciwo ko gyara halin mutum. Kayan haɗin ba na kasuwa ba ne: tun a farkon labari aka nuna uwar tana kama walƙiya ta zuba cikin kwaɓi don ceton wani yaro. Da aka kira iyayen zuwa wani gari inda mura ta yi annoba, sai suka bar mabuɗin ɗakin littafin a hannun Rose, suka hana ta taɓa shi. Ba su daɗe da tafiya ba sai ga wata mace a kan babur, mai suna Lily, ta ce ita dangi ce.

Rose da wanta suka buɗe littafin. Suka gasa abin da ke sa soyayya, ƴan matan gari suka ruɗe. Suka gasa biskit mai sa faɗin gaskiya, mutanen gari suka shiga fesa wa juna abin da ke cikinsu. Da suka nemi gyara, sai suka ɗauko wani haɗi daga sashen littafin da wani kakansu mugu ya rubuta, komai na garin ya juya baya. Daga ƙarshe an gyara ɓarnar, amma Lily ta gudu da littafin, kuma sai a littafi na biyu, na 2013, iyalin suka bi ta har Faris don ƙwato shi ta hanyar gasa.

Ƙarfin littafin yana wajen Rose. Yarinya ce mai aikin gida ba dare ba rana, wadda ke ganin ba a lura da ita, har baƙuwa ta zo ta yaba mata. Marubuciyar ta gane cewa da yabo ake sayen yaron da aka yi wa ko-in-kula, ta kuma nuna yadda Rose ke ganin alamun ha'inci a tare da Lily amma tana runtse ido. Wannan gaskiya ce da kowane yaro zai gane, ko a Tawa yake ko a Teksas.

Raunin littafin kuwa iri uku ne. Mutanen gari ba su da nauyi, kamar ƴar tsana ake juya su don a ba mai karatu dariya. Ba a tsaya sosai ba a kan laifin ba mutum abin da zai juya masa hankali ba da saninsa ba, abin da aka ɗauka laifi shi ne saɓa umarnin iyaye da rashin ƙwarewa. Sa'an nan ƙarshen labarin a buɗe aka bar shi don a sayi na gaba, alhali kuwa a wurin da ɗakin karatu ke da kwafi ɗaya tak, labarin da bai ƙare ba bashi ne da ba ranar biya. Har wa yau, sunayen yaran huɗu duk na ganyayen ƙamshi ne da Turawa ke sa wa a girki, kuma wannan wasan suna ba zai tsallaka zuwa Hausa ba.

4. Littafin Meriano

A Dash of Trouble ya bi kusan hanya ɗaya, amma ya fi zurfi. Leonora Logroño, wadda ake kira Leo, ƴar shekara 11 ce, auta cikin mata biyar, a wani gida na Amurkawa ƴan asalin Meziko. Gidan burodinsu yana wani ƙaramin gari na jihar Teksas. Labarin ya faro ne daidai shirin bikin tunawa da matattu da mutanen Meziko ke yi a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, wanda akan gasa wa burodi na musamman. Leo ta gaji da jin cewa ta yi ƙanƙanta, ta saci jiki daga makaranta, ta laɓe, ta gano cewa uwarta da ƴar uwar uwarta da yayyenta duka masu sihirin gashi ne, kuma baiwar tana bin jinin mata, kowace da irin nata rabo gwargwadon matsayinta a haihuwa.

Abin da ya kamata masu nazarin harshe su lura da shi shi ne wannan: littafin haɗin da Leo ta ɗauke da Sifaniyanci aka rubuta shi, yayyenta suna jin harshen, ita kuwa kaɗan take tsinta. Gadonta yana hannunta, amma ba ta iya karanta shi sai da taimako. Saboda haka kuskurenta ya haɗa da na harshe. Da ta yi niyyar taimakon ƙawarta Caroline a kan wani yaro ɗan ajinsu, sai haɗin ya wuce gona da iri, da ta zo warwarewa kuma sai yaron ya ƙanƙance ya koma ɗan mitsitsi. Ba ta fita ba sai da ta koma ga ƴan uwanta da uwarta ta faɗi gaskiya.

A nan sihiri ya zama hoton harshen uwa. Yaron da ya tashi bai ƙware a harshen gidansu ba, akwai ɗaki a gidan da ba ya iya shiga. Meriano ba ta yi wa'azi a kan haka ba, ta bar mai karatu ya ji kunyar Leo sa'ad da ake magana a gabanta ba ta gane ba. Wannan hali sananne ne a wasu gidajen ma'aikata a Yamai, inda yaro ke amsa gaisuwar kakarsa da Faransanci. Bugu da ƙari, iyalin littafin suna nan daram, ba a kore su daga labari ba kamar yadda Littlewood ta yi, saboda haka rikicin na cikin gida ne: kishi tsakanin ya da ƙanwa, da sirrin da ake ɓoye wa auta da kyakkyawar niyya amma ya yi mata ciwo.

Duk da haka akwai abin cewa. Asirin soyayya ya sake dawowa, ko da yake a nan an fi nuna cewa an cuci yaron da aka yi wa. Kuma matan gidan, da suka ɓoye wa yarinya mai wayo abin da ke faruwa a gaban idonta, suna da nasu kason laifi, wanda labarin ya taɓa amma bai matsa ba.

5. Littafin Kingfisher

Kingfisher, wanda suna ne na alƙalami na Ursula Vernon, ta ɗauki wata hanya. Mona marainiya ce ƴar shekara 14, tana aiki a gidan burodin ƴar uwar iyayenta, kuma sihirinta ba ya cin komai sai kwaɓi da burodi. Tana iya sa ɗan mutum-mutumin biskit ya yi rawa, tana kuma kiwon wani tsohon kwaɓi mai tsami a cikin bokiti kamar dabbar gida. Wata asuba ta tarar da gawa a ɗakin gashi. Daga nan aka gane ana farautar masu sihiri a birnin, har ta kai ga maƙiya sun yi wa birnin ƙawanya, ba wanda ya rage ya tsare ganuwa sai mai gashin burodi.

Babu littafin gado a nan, ilimin yana cikin hannu da gwaji. Abin da ya ba labarin daraja shi ne fushin Mona. Tana maimaita cewa da manya sun yi aikinsu, da ba a kai ga ɗora wa yarinya tsaron birni ba. Littattafan yara da yawa suna murna da yaron da ya ceci duniya, wannan kuwa ya tambayi wa ya yi sakaci har aka kai nan. Littafin ya ci lambar Andre Norton da ta Lodestar a 2021. Sai dai akwai kisa da yaƙi a cikinsa, da barkwanci irin na manya, don haka bai dace da ƴan firamare ba.

6. Matsalolin juyawa zuwa Hausa

Matsala ta farko ita ce kalmar da za a kira matan gidan Logroño da ita. Kalmar Sifaniyanci da littafin ya yi amfani da ita, ƙamus zai kai mai fassara ga mayya. To, amma a wajen Bahaushe maye shi ne mai kama kurwar mutum ya cinye, kuma an yi imani cewa a nono ake shan maita. Labarin da ya ce mata biyar sun gaji wata baiwa daga uwarsu, in aka sa kalmar mayya a ciki, ya zama labarin tsoro, ya kuma taɓa wani zargi da ya sha raba aure da korar tsofaffi daga gari. Sihiri kuma kalma ce da addini ya yi hukunci a kanta, tsafi yana ɗauke da warin bautar iskoki, siddabaru kuwa rufa ido ne na ƴan wasa. Ba ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da wasa da rashin laifi irin na kalmar Ingilishi.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. A ƙasar Hausa, zuba wa mutum wani abu a abinci don a juya zuciyarsa yana da sunaye: barbaɗe, sammu, mallaka. Abin da yaron Amurka zai karanta yana dariya, uwa a Maraɗi za ta karanta shi a matsayin koya wa ƴarta asirin kama namiji. Littafin da iyaye suka ƙi kuwa ba ya kwana a gida, komai kyan bugunsa.

Matsala ta uku ta sana'a ce. Gidan burodi a biranen Nijar galibi wurin aikin maza ne ƴan ƙwadago, kuma tanderu ba kayan ɗakin girkin kowa ba ne. Sana'ar da ke sauka daga uwa zuwa ƴa ita ce ta tanda da kasko: waina, ƙosai, funkaso, da kayan gara irin su alkaki da nakiya da dublan. Nan ne ake samun yarinya mai tashi da asuba, mai wanke ƙullu, mai ɗaukar talla, wadda ta san komai na sana'ar amma ba a yarda ta riƙe ludayi ba tukuna. Takwarar Rose da Leo ke nan.

Abin sha'awa shi ne Hausa tana da kalmomin da suka fi na ƙamus dacewa. Sana'o'in gado irin su ƙira da fawa da wanzanci da su, kowace tana da laƙaninta da ake ba ɗa in ya isa, kuma ba wanda ke kiran maƙerin da ke wasa da wuta maye. Tarin takardun da malami ke rubuta sirrinsa a ciki, ya bar wa magaji, sunansa kundi. Laƙani da kundi da gado sun isa su ɗauki nauyin irin wannan labari ba tare da an shiga gonar maita ba. Tatsuniya ma ta riga ta share fage, domin yaron da ya ji labarin ƴar bora wadda aka ba ƙwayar shinkafa ɗaya ta dafa, tukunya ta cika saboda ladabinta, ba zai yi mamakin kaskon da ke da sharaɗi ba.

7. Abin da masu tsara karatu za su ɗauka

Hanyar da ta fi dacewa tana da tarihi. A Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, har da na Grimm, ya sa musu sunaye da garuruwa da ɗabi'u na Hausa, har mai karatu bai ji baƙunta ba. Amma akwai bambanci: tatsuniyoyin da ya ɗebo na kowa ne, littattafan nan uku kuwa suna da masu haƙƙi, ba a fassara su ko a sake musu kama sai da izini. Abin da za a iya ɗauka kyauta shi ne dabarar ginin, a ba marubutan Hausa su zuba nasu labari.

Dabarar tana da amfani ga koyon karatu ta fuska uku. Ta farko, bayanin yadda ake haɗa abinci rubutu ne na umarni, mai gajerun jimloli, da jerin matakai, da lambobi da ma'auni. Yaron da ya karanta cewa a auna tiya ɗaya, a raba ta biyu, a jiƙa rabi, ya yi karatu ya kuma yi lissafi. Ta biyu, labarin yana sa karatu ya zama abin da ke da sakamako: wanda ya tsallake layi, ko ya ɗauki ƙ a matsayin k, zai ga ɓarnar da idonsa. Hausa kuwa cike take da kalmomin da ƙugiya ɗaya ko tsawon wasali ke raba su, kamar ƙafa da kafa, ko gari na dawa da gari na mutane, kuma marubuci mai basira zai iya gina rikicin labari sukutum a kan irin wannan tuntuɓe. Ta uku, ilimin da labarin ke ɗaukakawa na mata ne, na cikin gida, kuma yarinya ce mai karanta shi, abin da ya dace da ƙoƙarin riƙe ƴan mata a makaranta.

Akwai kuma abubuwan kiyayewa. Littattafan Amurka ɗaruruwan shafuka ne, sabon mai karatu kuwa yana bukatar labari gajere wanda ya ƙare a cikin littafi ɗaya. Kayan haɗin su zama waɗanda ake samu a kasuwar ƙauye, gero da wake da shinkafa da man gyaɗa, don kada littafi ya koma tallar abincin da yaro ba zai taɓa gani ba. A guji asirin soyayya da duk abin da ake ba mutum ba da saninsa ba, a mai da al'ajabin kan kayan aiki ko kan abincin kansa. Sa'an nan a gwada rubutun a gaban iyaye da malaman makarantun allo kafin a kai maɗaba'a.

8. Kammalawa

Cikin littattafan uku, na Littlewood ya fi saurin tafiya da ban dariya, amma ya fi sauran rauni wajen auna laifi. Na Kingfisher ya fi ƙarfin tunani, sai dai ba na ƙananan yara ba ne. Na Meriano shi ne ya fi cancantar masu nazarin harshe su karanta da natsuwa, domin ya ɗaure gado da harshe da karatu a igiya ɗaya, ya kuma nuna cewa yaron da aka hana harshen gidansu zai nemi gadonsa ta ɓarauniyar hanya, ya yi ɓarna. Kayan da ake bukata don rubuta irinsa da Hausa suna nan a tsakar gida: tanda, da kundi, da uwa mai sirrin sana'a, da auta wadda ta gaji da jira. Aikin da ya rage na cibiyoyin nazarin harshe da hukumomin yaƙi da jahilci ne, su nemo marubuta, su ba su ƙa'idar rubutu da tsawon da ake so, su kuma tabbatar littafin ya isa hannun yaran da aka yi shi dominsu.